Eka Talatin Babu Hanya

Surukina Lemuel, Allah ya ba shi hutawa, shi ne ya fara ba ni labarin Ozell Tarver, tun ina sabon ma'aikaci a injin yanka katako na garin Tolbert, nan kudancin Alabama. Muna zaune a kan gungume muna cin abincin rana ya ce mini, "Cleve, akwai wani gajere can ƙetaren rafi, in ka sauke shi a bakin daji da safe, kafin rana ta take zai fito ya gaya maka kuɗin dajin, eka-eka. Ka kai wa masu takarda su yi lissafinsu na sati biyu, inda ya tsaya nan za su tsaya." Na ce masa ƙarya yake yi. Daga baya ni da Ozell ɗin nan muka yi shekara arba'in da wani abu a benci ɗaya a coci. To ki rubuta yadda zan faɗa, jikata, kada ki gyara mini magana.

Ozell bai yi makaranta ba. In ban da sunansa ba abin da yake iya rubutawa. Ubansa gonar wani yake noma, in an cire auduga a raba biyu, haka ya mutu bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba. Shi kuma Ozell da gwangwanin fenti ya fara, yana bin masu sayen katako cikin daji, itacen da suka nuna ya shafa masa alama. Yana shafa fenti yana kallo, yana jin abin da suke faɗa wa juna, har ya zo ya fi su ido.

A zamanin ne mutanen birni suka fara kwaɗayin daji. Ba noma za su yi ba. Likitoci, lauyoyi, masu sayar da motoci daga Birmingham da Mobile, kowa na son eka talatin ko arba'in nasa na kansa. Ya zo lokacin sanyi ya harbi barewa da talo-talon daji, itace na nan yana girma ba ya neman abinci, bayan shekara ashirin a sayar da katako, filin kuma ya riga ya ninka kuɗinsa. Akwai wani dillali a gari, Mista Doyle, Bature mai tumbi, ofishinsa na jikin banki. Ya iya magana, ya iya takarda, amma in ka sa shi a daji ko gabas bai sani ba. Sai ya riƙe Ozell. Duk filin da za a sa a kasuwa, ƙafar Ozell ce za ta fara taka shi.

Yana da yadda yake aikinsa. Tambayarsa ta farko, tun bai sauko daga mota ba, ita ce ta ina ake shiga. In fili ya taɓa bakin titi, kuɗinsa cikakke. In kuwa sai an ratsa gonar wani, rabi, ko da zinariya ce binne a ciki. Sannan ya shiga, iska na bugun fuskarsa don kada dabba ta ji warinsa. Ba ya kallon sama tukuna, ƙasa yake kallo: sawu, kashi, ƙananan itatuwan da namijin barewa ya goge ƙaho a jikinsu har ɓawo ya saluɓe. Ya nemi ruwa, ya tona bakin rafi da dunduniya ya ga ko irin mai ƙafewa ne a watan Agusta. Manyan itatuwa kuwa rungumarsu yake yi kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Wanda hannuwansa suka kasa haɗuwa, wannan kuɗi ne. Daga ƙarshe ya zauna shiru a kan kututture ya kasa kunne. In ya ji haushin karnuka da yawa a kusa sai ya rage dala hamsin a kowace eka, don maƙwabci mai sakin karnuka ba ya bar maka barewa.

Wata rana Mista Doyle ya kawo wani mai saye daga Mobile, sabon takalmi, sabuwar hula. Suka shiga filin, ko'ina sawun barewa kamar an ci kasuwa an watse. Mutumin har jikinsa na rawa. Ozell ya sa ƙafa ya share ganye, sai ga tsabar masara fal a ƙasa.

"Mista Doyle," in ji shi, "barewar nan fa 'yan haya ne. Ranar da buhun mai filin ya ƙare, ranar za su kwashe kayansu."

"Ozell, don Allah, wa ya tambaye ka?"

"Kai mana. Dala arba'in ka ba ni da safe."

Mai saye ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ciniki ya faɗi ƙasa sosai, Mista Doyle ya yi sati bai gaishe shi ba. Amma ya dawo da kansa, don masu saye sun fara cewa in ba gajeren nan ya taka fili ba, su ba za su biya ba.

Haka ya yi shekara talatin yana yi wa dajin mutane kuɗi, shi yana gidan haya. Matarsa Vernice, mai aikin girki a makarantar firamare, ba ta barinsa ya manta.

"Kai ka san kuɗin kowane kurmi daga nan har kogi," take ce masa, "amma ko wurin ɗaure kare ba ka da shi."

"Ai ba ni da karen."

"To ka gani."

Abin na cinsa a rai fiye da yadda ta sani. Yana son ya harbi barewa ko sau ɗaya ne a ƙasar da take tasa. Kuma yana son ya bar wa Loretta, 'yar da Allah ya ba su ita kaɗai, abin da ba ya ruɓewa.

Yana da shekara hamsin da huɗu wani fili ya fito. Eka talatin, na wasu magada ne da suka koma arewa tuntuni, sun gaji da biyan haraji a kan dajin da ba su taɓa gani ba. Ozell ya san wurin tun yana yaro. Tudu ne mai kyau, manyan itatuwa masu zubar da ƙwallon da barewa ke so, ga maɓuɓɓuga da ba ta ƙafewa. Aibinsa ɗaya. Gonar Mista Hubert Sayre ta zagaye shi ta gefe uku, na huɗu kuwa rafi ne mai taɓo. Hanya ɗaya ce ke shiga, tsohuwar hanyar keken shanu da ta bi ta gaban gidan Mista Hubert. Filayen kusa ana sayar da su dala ɗari takwas eka, wannan ɗari huɗu. Shi ne kaɗai filin da abin da suka tara shi da Vernice zai iya saye.

Mista Hubert Bature ne, tsoho mai ɗingishi, shanu yake kiwo. Ya san Ozell tun yana yawo ba takalmi. Shi ya ɗauki mahaifiyar Ozell ya kai ta asibiti ranar da maciji ya sare ta, a zamanin da ba kowane Bature zai sa baƙar mace a gaban motarsa ba. Duk mai bin hanyar nan kuwa ya san yadda ake yi. Ka tsaya a gaban baranda, ka cire hula, ka ce, "Mista Hubert, zan wuce." Ya ce, "Wuce, ka rufe mini ƙyaure." Barewar farko da ka harba a shekara, cinya ɗaya ta mai hanya ce. Ba wanda ya kafa mana doka, haka muka tarar ana yi.

Mista Doyle, duk da halinsa, ya yi masa gaskiya.

"Ozell, kai ka koya mini zancen hanya. Ga takarda na buga maka, layi huɗu ne kacal. Ka kai wa Hubert ya sa hannu, mu kai kotu a ajiye, shi ke nan har jikokinka."

Ran Lahadi bayan coci Ozell ya ninke takardar ya sa a aljihun wando, ya tafi gidan Mista Hubert da farar rigarsa.

"Ozell! Wa ya mutu ka sa farar riga?"

"Ba wanda ya mutu, Mista Hubert. Fili zan saya. Eka talatin ɗin nan na bayanka."

"Kai ne? To madalla! Ni na ɗauka wani ɗan birni za su kawo mini, ya harbe mini saniya ya ce barewa ce. Hau, hau ka zauna."

Aka kawo shayi mai ƙanƙara. Suka taɓa zancen ruwan sama, da kuɗin maraƙi, da ciwon gwiwa. Ozell ya sa hannu a aljihu ya taɓa takardar.

"Dama zancen hanya ne ya kawo ni."

"Wace hanya? Wadda ubanka ya bi da alfadari? Ka bi abarka, 'yarka ta bi, 'ya'yanta su bi. Kawo hannu."

Tsohon ya miƙo hannu. Ozell ya dubi hannun, ya zaro nasa daga aljihu ba komai a ciki, ya ba shi. A wurinmu in mutum ya ba ka hannu a barandarsa, ka zaro masa takarda, to ka ce masa maƙaryaci ke nan a gaban matarsa. Balle baƙar fata irin tashinmu, da aka koya wa kada ya kai wa Bature takarda sai in Baturen ne ya aike shi. Ozell ya san abin da ya yi. Ya fi kowa sani a gundumar nan. Amma ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya sauko.

"Ya sa hannu?" in ji Vernice tun yana bakin ƙofa.

"Ya ba ni hannu."

"To ina hannun? Ka yanko ka zo da shi?"

"Vernice, mutumin da ya kai Mama asibiti."

"Na sani. Ina tambayarka ne ko ba ya mutuwa."

Ya sayi filin. Shekara goma sha bakwai kuma ba abin da ya faru sai alheri. Ya share eka goma ta gefen yamma ya dasa itacen katako da hannunsa, layi-layi, ya ce wannan na Loretta ne. Ya kafa 'yar rumfa a kan tudu. Kowace shekara in sanyi ya shigo ya tsaya a baranda ya cire hula, kowace shekara cinyar farko ta je gidan Mista Hubert naɗe a takarda. Har Vernice ta daina zancen.

Sannan Mista Hubert ya mutu, yana da shekara casa'in ba ɗaya. Ɗansa na zaune a Atlanta, bai san saniya ba sai a faranti. Ya ce a sayar da gonar duka. Mista Doyle ya kira Ozell ya taka ta, ya taka, kwana biyu cur, ya ce dala dubu biyu eka, don a lokacin ƙasa ta yi tsada. Bai rage ko kwabo ba, ko da yake ya san rabin barewar gonar a dajinsa suke kwana. Ya ce wa ɗan, "Akwai zancen hanyata." Ɗan ya ce, "Ba komai, zan gaya musu." Yana magana yana duba agogo.

Wasu mafarauta takwas daga birni suka haɗa kuɗi suka saya. Asabar ɗin farko ta buɗe farauta Ozell ya zo da a-kori-kurarsa, ya tarar da ƙyauren ƙarfe sabo fil a bakin hanya, da sarƙa, da kwaɗo kamar dunƙulen hannu, da kyamara a jikin itace tana kallonsa. Ya yi hon. Can wani ya fito daga tsohon gidan, dogo, mai fara'a, likitan haƙori ne, shi ne shugabansu.

"Kai ne Mista Tarver? Na ji labarinka."

Shekara saba'in da ɗaya Ozell na duniya, ba Baturen da ya taɓa ce masa Mista sai wannan, ta bayan ƙyaure a kulle.

"Zan wuce ne," in ji Ozell, hularsa a hannu. "Dajina na bayanku."

"Na sani, kuma ban ji daɗi ba. Amma masu inshora sun ce ba baƙo da bindiga a filin nan. In harsashi ya sami wani, wa zai ɗauka?"

"Ni ne baƙon?"

"Ba haka nake nufi ba. Ka ga, mu za mu so mu saye shi ma, ka huta. Dala ɗari bakwai eka."

"Ƙasar da kake tsaye a kai ni na yi mata kuɗi, dubu biyu. Tawa ta fi ta itace, ta fi ta ruwa."

"Gaskiya ne. Amma taka ba ta da hanya. Mista Doyle ya ce kai da bakinka kake faɗa."

"Rabi nake cewa. Ban taɓa cewa kashi ɗaya cikin uku ba."

"To mu ce dubu."

Ozell ya mai da hularsa, ya shiga mota, ya yi baya-baya har titi, don ba wurin juyawa.

Loretta ce ta kai shi wurin lauya a babban garin gunduma, 'yar wani dattijon cocinmu, sa'arta ce, tare suka yi makaranta. Lauyar ta ɗauki biro da murna.

"Kawu Ozell, shekara nawa kuna bin hanyar nan?"

"Tun ubana. Sama da sittin."

"Madalla. Wani ya taɓa hana ku?"

"Ko sau ɗaya. Ai ba mu taɓa wucewa ba sallama ba. Kullum sai na tsaya na nemi izini, ya ce wuce. Kuma ba shekarar da cinya ba ta je gidan ba, ki tambayi kowa."

Yana faɗa yana ɗaga kai, don a ganinsa babbar hujja ya kawo. Sai ya ga ta ajiye biron.

"Kawu, da da ƙarfi kuka riƙa bi, ba sallama ba godiya, shi yana gani yana jin haushi bai hana ba, shekara ashirin ta isa a ce hanya ta zama taku. Amma tunda izini kake nema yana ba ka, aro ne. Aro kuwa in mai shi ya mutu, wanda ya gada ko ya saya na iya karɓe abinsa."



"Wato da na yi rashin kunya da na ci."

"Kusan haka ne, Kawu."

"Cinyar fa?"

"Cinyar ita ce babbar shaidarsu."

Ta ce akwai wata hanya, a roƙi kotu ta yanka masa hanya dole tunda filin a toshe yake. Amma shi zai biya safiyo, shi zai biya kuɗin ƙasar da aka yanka, ga lauyoyin mutum takwas masu kuɗi, su ja shi shekara biyu ko uku. Ya tambayi abin da zai ci. Da ta faɗa, sai ya tashi ya nemi sandarsa.

Bayan kwana biyu Mista Doyle ya zo gidan, shi ma ya tsufa, da kyar ya hau baranda. Ina jin abin na damunsa.

"Ozell, ka saurare ni. Wa ya ji kana cewa zan wuce? Hubert na ƙasa, matarsa na ƙasa. Ka samo tsofaffi biyu daga cocinku su ce hanyar nan kowa bi yake kamar titin gwamnati, ba mai tambayar kowa. Naman kuwa ka ce sayar masa kake yi."

"In dafa Littafi in ce mutumin nan bai taɓa yi mini alheri ba?"

"Ka ce bai taɓa ba ka izini ba. Ai ba ɗaya ba ne."

"A wurina ɗaya ne, Mista Doyle."

"Eka talatin fa, Ozell. Itacen yarinyar nan ya isa a rage shi, in ba a rage ba zai shaƙe kansa. Motar katako ta sama za ta shiga?"

"Na sani."

Vernice na tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Kowa ya ɗauka za ta yi magana. Ta dubi mijinta ta daɗe, ta koma ciki. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, da ya tambaye ni da na rantse masa. Bai tambaya ba.

Saura gefe na huɗu. A ƙetaren rafin akwai wani siririn fili da ya taɓa titi, da kangon gida a ciki, na Mis Idella Crenshaw ne, gwauruwa, ta koma Mobile wurin 'yarta tun da daɗewa. Ta nan Ozell ya riƙa shiga. Ya ajiye mota a bakin titi, ya ratsa ciyawa, ya naɗe wando, ya shiga ruwan sanyi har cinya yana dogara sanda, taɓo na riƙe masa takalmi. Ya hau tudunsa ya zauna a rumfa, wando jiƙe, gwiwa na zogi. Barewa su fito su yi kiwo a gabansa, ya ɗaga bindiga, ya sauke. In ya harba, wa zai ja masa ita ta cikin rafi? Sanyi biyu ya yi a haka bai harbi komai ba. Yakan zagaya cikin itacen Loretta ya ga sun matsu, na ƙasa sun fara bushewa, ya daddaɓa su ya wuce. Likitan haƙori kuwa duk Kirsimeti sai ya aiko kati, da lambar wayarsa a ƙasa.

Lauyar ce ta ce, to me zai hana a sayi 'yar hanya daga Mis Idella, faɗin ƙafa ashirin daga titi zuwa rafi, a sa kwalbati a kan ruwan? Vernice ta nemo lambar wayar Mis Idella, ta buga da kanta da rana tsaka, ta miƙa masa.

"Wane Ozell?" in ji tsohuwar. Muryarta har baranda ake ji. "Gajeren nan mai ƙafar baka da ya take mini yatsa a wurin rawa? Kana nan da rai?"

"Da sauran numfashi, Mis Idella."

"An ce mini kana ratsa mini fili kamar ɓarawon kaji."

"Shi ya sa na kira. So nake in daina sata, in saya."

Ya yi mata bayani duka. Da ta gama ji, ta ce, "Hubert mutumin kirki ne, amma ku duka biyu wawaye ne. To kai ne mai yi wa daji kuɗi. Faɗi."

"Dala dubu ɗaya da ɗari biyar."

"Ya kai haka?"

"Bai kai ba. A wurina ne ya kai."

Ta yi dariya har ta sarƙe da tari.

"Na yarda. Amma ka ji, ni ba na sa hannu a takardar da ta zo ta gidan waya, ban san wa ya taɓa ta ba. Ka zo da kanka, ka zauna ka ci abinci, in ga yadda ka lalace. Kuma ɓauren nan na bayan gidana, yana nan?"

"Yana nan, ya yi girma."

"Shekara goma sha biyu rabona da shi. Na nan garin ba ɗanɗano. In za ka zo ka tsinko mini."

Ya sayar da kwalekwalensa na kamun kifi ya biya safiyo. Aka auna, aka kafa turaku masu jan ƙyalle daga titi har bakin ruwa. A watan Maris lauya ta gama takarda, wannan karon shafi uku, da taswira a baya. Ya sa ta a leda ya ajiye a aljihun gaban mota.

"Gobe ka tafi," in ji Vernice. "Mobile awa biyu ce."

"Ɓaure bai nuna ba. Sai Yuli."

"Ozell Tarver, matar nan shekararta tamanin da takwas!"

"Abu ɗaya ta roƙe ni. In je mata hannu wofi, in karɓi ƙasarta in taho?"

"Ka sai mata lemo a hanya."

"Ba lemo ta ce ba."

"Ya Ubangiji, ka ba ni haƙuri da mutumin nan. An taɓa cin ka a kan ladabi, ba ka ƙoshi ba?"

Ya gaji da gardama, ya gaji da komai a lokacin, tafiya daga ɗaki zuwa baranda ma sai ya huta a tsakani. Amma duk sati sai ya je ya duba itacen ɓauren, ya matsa 'ya'yan ya ji ko sun fara laushi. Ya sayo raga ya lulluɓe rassan ƙasa saboda tsuntsaye. Duk tsoron Vernice a kan tsohuwar yake, kada ta riga su tafiya.

Shi ne ya riga ta. Ran sha tara ga Yuni da la'asar, yana zaune a baranda yana ɗaure hannun wani kwando da waya, Vernice ta fito ta ce abinci ya sauka, ta tarar kwandon ya faɗi, shi ya jingina da bango. Ko asibiti ba a kai ba.

Aka binne shi a bayan coci. Mista Doyle ya zo ya tsaya can baya. Likitan haƙori ya aiko furanni, da wasiƙa ga Vernice, wai in ta huce suna nan a kan dala dubu. Ta sa wasiƙar a ƙarƙashin tukunyar fure, ba ta amsa ba, ba ta kuma yar ba.

Mis Idella ta bugo waya ta yi ta'aziyya daga gadon asibiti, an kwantar da ita saboda numfashi, amma an ce za a sallame ta. Ta ce maganarta na nan, duk wanda zai zo ya zo, amma ya yi sauri. Lauya ta ce sai an cire sunan Ozell an sa na Vernice, aikin rabin yini ne, a kawo mata takardar kawai. Takardar na nan a aljihun motar. Motar ba ta tashi ba tun ranar, batir ya mutu, Vernice kuma ba ta iya tuƙi ba, ni idona ya daina ganin titi. Loretta ta ce za ta nemi hutu a wurin aiki ran Juma'a ta kai wa lauya, Asabar ta wuce Mobile, in an ba ta hutun.

Ɓauren ya nuna tun satin jiya. Na sa an kai ni na gani. Na sama duk tsuntsaye sun cinye, na cikin raga suna nan, wasu sun fara tsagewa. Ba wanda ya tsinka tukuna.